Karatu a Tsakiyar Amurka: Yadda Ɗan Karkara Zai Zaɓi Garin da Guzurinsa Zai Ishe Shi

Duk wanda ya taɓa zuba wake a buhun nan mai riɓi uku, ya ɗaure bakinsa tamau, ya dawo bayan wata shida ya tarar ƙwaro bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba, to ya riga ya yi hulɗa da jami'ar Purdue bai sani ba. A can aka ƙirƙiro buhun PICS, harafin farko na sunan ma daga sunan jami'ar aka ɗauko. Garin da take, West Lafayette a jihar Indiana, ko an haɗa shi da Lafayette da ke tsallaken kogi, mutanensu ba su kai dubu 120 ba a ƙidayar 2020, kuma kana fita daga gari sai gonakin masara da waken suya. A nan Akinwumi Adesina, tsohon shugaban Bankin Raya Afirka, ya yi digirinsa na uku. Irin waɗannan garuruwa ne muke ba ɗan Gumel ko Ɗambatta ko Kura shawara ya fara dubawa kafin ya ɗaga kai zuwa Boston ko Kalifoniya, saboda dalili guda: ɗalibi a gari yake zama, kuma garin ne ke cinye kuɗinsa ko ya rage masa.

Yankin da Amurkawa ke kira Midwest jihohi 12 ne: Ohio, Michigan, Indiana, Illinois, Wisconsin, Minnesota, Iowa, Missouri, Kansas, Nebraska, sai Dakota guda biyu, ta Arewa da ta Kudu. Nan ne rumbun hatsin ƙasar. A 1862 aka yi dokar Morrill wadda ta ba jihohi filaye su sayar su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere, kuma da yake makarantar noma ba ta yiwuwa sai da gona, da yawansu an kai su nesa da manyan birane. Shi ya sa za ka ga jami'a mai ɗalibai dubu 30 zuwa 50 a garin da keke ke ƙure shi cikin rabin awa. Iowa State tana Ames, gari mai mutum kusan dubu 66. Kansas State tana wani gari Manhattan mai kusan dubu 54. Jami'ar Illinois tana tagwayen garuruwan Urbana da Champaign. Waɗanda suka ɗan fi girma su ne Fargo a Dakota ta Arewa mai dubu 126, Madison a Wisconsin mai dubu 270, da Lincoln a Nebraska mai dubu 291.

Dangantakarsu da ƙasarmu ba ta yau ba ce. Malaman Kansas State sun taimaka wajen kafa tsangayoyin noma da likitancin dabbobi na ABU Zariya a shekarun 1960, kuma Kansas ce ta fi kowace jiha noman dawa a Amurka. Norman Borlaug, wanda ya jagoranci shirin Sasakawa da manoman Kano da Jigawa suka sani tun shekarun 1990, haifaffen Iowa ne. Gebisa Ejeta na Purdue ya ci babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009 saboda irin dawar da ke jure fari da ƙuduji. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, idan ka karanta noma, injiniyancin ruwa, kiwon dabbobi ko tattalin arzikin noma a BUK, ko Dutse, ko Wudil, ko Kafin Hausa, to tashinka a gona jari ne. Malamin da ke binciken ƙuduji a ɗakin gwaji yana son ɗalibin da ya san yadda yake cinye gona, ya san watan da yake fitowa da abin da manomi ke yi masa. Ka rubuta wannan ƙarara a takardar bayanin burinka: girman gonar, irin da ake shukawa, matsalar ban-ruwa a Kadawa ko kachalla a fadamar Haɗejia. Kada ka ɓoye ƙauyenka kana kwaikwayon 'yan birni.

Kafin ka sayar da ko tunkiya ɗaya

Maganar biza ce farko. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, sannan a Disambar shekarar aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Saboda haka ka buɗe shafin ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ka karanta halin da ake ciki da idonka, kuma ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar da kake so ko suna ɗage gurbi zuwa wata shekara idan biza ta gagara. Kuɗin SEVIS, wato rajistar da gwamnatin Amurka ke yi wa ɗaliban ƙasashen waje, dala 350 ne, na neman biza dala 185, kuma idan aka hana ka ba a mayarwa. Duk dillalin da ya ce yana da hanya a ciki, maƙaryaci ne. Shawarwarin cibiyar EducationUSA a Abuja da Legas kyauta ne.

Shirin kansa yana cin shekara guda ko fiye, don haka babu asara a fara shi. Ana buɗe karatu a Agusta, yawancin sassa kuma suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Fabrairu. Ka nemi takardar sakamakonka daga jami'a tun damina, domin fitarta kan ci watanni. Da kaka, wato Satumba da Oktoba, ka riƙa aika wa malamai imel ɗaya bayan ɗaya, gajere, kana ambaton aikin da kowane ya wallafa. Wasiƙun shaida uku ake nema daga malamanka. Jami'o'i da yawa suna yafe wa ɗan Najeriya jarrabawar Turanci, wasu ba sa yafewa, sai ka duba shafin sashen.

Abu biyu ke kayar da mutanenmu a nan. Na farko suna: takardar WAEC tana ɗauke da sunan gari a ƙarshe, fasfo yana ɗauke da sunan kaka, digiri kuma Muhammad ne a nan, Mohammed a can. Ka daidaita komai da abin da ke fasfo tun kafin ka cike fom. Na biyu kwanan wata: Amurkawa wata suke fara rubutawa, don haka 3/8 a wurinsu 8 ga Maris ne, ba 3 ga Agusta ba. Idan malami ya sa maka ganawa ta bidiyo, ka lissafa bambancin lokaci: Iowa, Illinois, Wisconsin, da Lincoln da Manhattan da Fargo suna bayanmu da awa 7 a lokacin sanyi, awa 6 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, Ohio, yawancin Michigan da yawancin Indiana awa 6 da awa 5. Ƙarfe 10 na safiyar Ames a Janairu, ƙarfe 5 na yamma ne a Ringim. Ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi tun da rana, waya a cike, da layi biyu.

Lissafin da ke raba gardama

Digirin farko a manyan jami'o'in jiha yana cin baƙo daga kusan dala dubu 25 zuwa sama da dubu 40 a shekara, kuɗin makaranta kaɗai. Wannan ba na mai sayar da buhun gero a Dawanau ba ne. Hanyar da ke ɓullewa ita ce digiri na biyu ko na uku da gurbin mataimakin malami, ko a koyarwa ko a bincike: ana yafe maka kuɗin karatu, ana biyan ka alawus duk wata, kai kuma kana aikin awa 20 a mako.

Idan takardar tayin ta zo, kada adadin da ke samanta ya ruɗe ka. Tambaya ta farko, na wata 9 ne ko na 12? Idan na 9 ne, wata uku, har da Yuni da Yuli, babu albashi amma haya ba ta hutu. Ta biyu, akwai ƙananan kuɗaɗen zango na bas, asibiti, wasanni da kwamfuta, waɗanda sau da yawa yafiyar ba ta shafe su ba, nawa ne? Ta uku, inshorar lafiya dole ce a kusan kowace jami'a. Kashi nawa sashen zai biya? Ta huɗu, ana cire haraji daga alawus. Sai bayan ka cire waɗannan za ka cire haya, abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya.

Mu ƙaddara misali. Wata jami'a a babban birnin gaɓar teku ta ba ka dala 2,700 a wata, ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kuma 1,400, ga kuɗin jirgin ƙasa kullum. Wata a Iowa ta ba ka 2,000, ɗaki 600, bas kyauta. Ta farkon ta bar maka 1,300 kafin kuɗin mota, ta biyun 1,400. Ka sa alƙaluman gaske na garuruwan da kake dubawa ka yi irin wannan lissafin, domin ba duka Midwest ce mai araha ba: haya a Ann Arbor ta Michigan da Madison ta fi ta Ames, Lincoln, Fargo da Manhattan tsada nesa ba kusa ba.

Albashin farko yakan zo bayan wata guda ko fiye da isowa, alhali ranar karɓar makulli za a nemi hayar wata ɗaya da kuɗin ajiya, wanda galibi daidai yake da hayar wata. Ƙara katifa, tukwane, layin waya da abincin mako shida. Ƙasa da dala 2,000 a hannu, shiga uku ne.

Kada kuma iyali su ɗora wa yaro nauyin da doka ba ta bari ya ɗauka ba. Mai bizar ɗalibai, wato F-1, awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma a cikin makaranta. Tuƙin haya ko kai saƙon abinci ba tare da izini ba yana iya soke zamansa gaba ɗaya. Gara Baba da Inna su ji wannan tun a tsakar gida, kafin a fara lissafin kuɗin taki da na auren ƙanne.

Bas, gida da buta

Garin da ba shi da bas mai kyau zai tilasta maka sayen mota, mota kuma tana zuwa da inshora, mai da gyara. A Ames bas ɗin CyRide, a Champaign bas ɗin MTD, ɗalibi katin makaranta kawai yake nunawa. Ka buɗe taswirar waya ka auna tafiya uku daga gidan da kake so: zuwa sashenku, zuwa kantin abinci mai araha irin Aldi ko Walmart, da zuwa masallaci. Ka duba jadawalin Lahadi da na dare da na lokacin hutu, domin a nan ake rage motoci. Gidan da ya fi araha da dala 80 amma bas ɗinsa na ƙarshe ƙarfe 7 ne, a Janairu za ka gane ba araha ba ce.

Yarjejeniyar haya yawanci ta wata 12 ce, daga Agusta zuwa Agusta, kuma sa hannu ya ɗaure ka ko ka tashi. Idan ku uku kuka sa hannu a takarda ɗaya, ɗaya ya gudu, mai gida zai iya neman kuɗin duka a wurinka; nemi wadda kowa ke da tasa. Baƙo ba shi da tarihin bashi a ƙasar, don haka wasu masu gida za su nemi mai tsaya maka ko ƙarin kuɗin ajiya. Mafi sauƙi a shekarar farko shi ne gidajen jami'a na manyan ɗalibai. Kada ka tura kuɗi ga wanda ka gani a Facebook kafin wani ɗalibi ya je ya ga ɗakin. Tambayi ko kuɗin ɗumama gida yana cikin haya, domin shi ne ke kumbura takardar wuta daga Disamba zuwa Maris. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane tabo a bango da kafet, in ba haka ba daga kuɗin ajiyarka za a cire.

Gidajen na katako ne da allo mai laushi, kuma daɓen banɗaki ba shi da makwarara. Ruwan buta da na alwala idan ya malale ƙasa, rufin maƙwabcin da ke ƙasanka zai ɗiga. A cikin bahon wanka ake wanke ƙafa. Kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi. Turaren wuta da suyar manja suna tayar da ita, cire batirinta kuma laifi ne. Gawayi kuwa haram a cikin ɗaki: gidan a toshe yake ruf, iskar gawayi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Wutar lantarkinsu bolt 120 ce, tamu 230. Cajar waya da ta kwamfuta da aka rubuta 100 zuwa 240 za su yi aiki da ɗan kan soket. Dutsen guga da butar lantarki a bar su gida.

Sanyin da ba hunturu ba

Hunturun da ke sa mu hura wuta a ƙofar gida da asuba bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. A Fargo daren Janairu na yau da kullum yana kusan digiri 18 ƙasa da sifili. A ƙarshen Janairun 2019 Shikago ta kai kusan 30 ƙasa da sifili. Su da ma'aunin Farenhait suke aiki: cire 32, ninka da 5, raba da 9. Riƙe biyu a ka, 32 nasu sifilinmu ne, sifilinsu kuma 18 ƙasa da sifili. Abin dubawa kowace safiya shi ne sanyin da aka haɗa da ƙarfin iska. Idan ya kai wajen 28 ƙasa da sifili a namu ma'aunin, kunne ko yatsan da ke waje zai iya daskarewa cikin minti 30. Kansas, Missouri da kudancin Indiana da Ohio sun fi sauƙi. Dakota, Minnesota da Wisconsin su ne gidan sanyi.

Kada ka cika akwati da rigunan sanyin Kantin Kwari ko Kofar Wambai. Za ka sauka a Agusta ana zafi da gumi, kuma kana da har Oktoba ka saya a can, a shagunan gwanjo irin Goodwill. Sutura hawa uku ake yi: ta jikin fata mai kama jiki wadda ba auduga ba, domin auduga tana riƙe gumi ta sanyaya ka, ta tsakiya ta ulu, ta waje doguwa mai tare iska da hular kanta. Sai takalmi mai hana ruwa mai kaushin ƙasa, safar ulu, safar hannu da hula mai rufe kunne. Mata, dogon hijabi yana jan dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a hanya, gara mai tsayawa a gwiwa a kan doguwar rigar sanyi. Idan za ka yi tafiya lokacin hutu kada ka kashe hita. Bar ta a kan 55 nasu, in ba haka ba ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi, gyaran kuma a wuyanka.

A Disamba rana kusan awa 9 ce kawai, magariba wajen ƙarfe 5. Duhun da kaɗaici suna danne mutum fiye da sanyin, musamman wanda ya saba da majalisa a gindin darbejiya. Asibitin ɗalibai yana duba wannan, kuma can ake fara zuwa da kowace rashin lafiya, domin sashen gaggawa na babban asibiti tsadarsa ba a magana. Za su gwada ka tarin fuka. Ka gaya musu an yi maka allurar BCG ta jarirai, wadda kan sa gwajin fata ya nuna cutar da babu, ka nemi gwajin jini. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma lokacin guguwa ce mai tumɓuke gidaje. Jin jiniya, sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko ɗakin tsakiya marar taga. A Illinois ana gwada jiniyar ranar Talatar farko ta kowane wata da ƙarfe 10 na safe.

Masallaci da tukunya

Musulunci ya daɗe a yankin. Masallacin Cedar Rapids a Iowa tun 1934 aka gina shi, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Amurka kuma a Urbana aka kafa ta a 1963. Ames, Lincoln, Madison, Fargo, Urbana da West Lafayette duk suna da masallacin Juma'a. Rubuta wa ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗaliban Afirka tun kana gida. Su ne ke ɗauko baƙo, su san mai neman abokin haya, su san gonar da ake zuwa a yanka rago a raba. Alƙibla a can arewa maso gabas take. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin sanyi, don haka yini gajere ne. Hausawa kuwa kaɗan ne. Za ka fi haɗuwa da Somaliyawa, Sudaniyawa, Larabawa da 'yan Pakistan, sai 'yan uwanmu na kudu.

Tuwo ba zai gagara ba idan ka san sunan kayan. A kantin Indiyawa garin gero bajra ne, garin dawa jowar, akwai garin shinkafa, tsamiya da kuɓewa. A kantin 'yan Meziko zoɓorodo jamaica ne. Farin wake mai baƙin hanci yana kowane babban kanti. A jikin kwali ka kiyayi kalmomin pork, ham, bacon, lard da gelatin. Daga gida ka ɗauko kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, a ɗaure da kyau, kuma ka faɗa wa jami'in kwastan duk abin ci da ke jakarka. Ɓoyewa ke jawo tara. Kilishi da dambun nama ba sa shiga, komai nacin Inna, a cinye su kafin a bar filin jirgin Malam Aminu Kano.

Waɗannan garuruwa ba su da manyan kamfanoni kamar Shikago ko Minneapolis, don haka neman aikin horo bayan karatu yakan sa a ƙaura, kuma a wasu unguwanni kai kaɗai ne baƙin fata a bas. Jirgi ma ba ya kai ka ƙofa. Daga Kano Ethiopian Airlines tana bi ta Addis Ababa zuwa Shikago, daga filin O'Hare kuma akwai bas zuwa Madison da Champaign, tafiyar kusan awa 3. Mai zuwa Ames a Des Moines zai sauka, kilomita 60 da wani abu ya rage. Mai zuwa Lincoln galibi ta Omaha. Ba a barin ɗalibi ya shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar fara karatu da ke kan I-20, takardar da jami'a ke ba ɗalibi don neman biza. A filin jirgin farko da ka sauka a Amurka ake tantance ka, ka karɓi kayanka ka sake miƙa su, don haka ka bar tazarar aƙalla awa 3 kafin jirgi ko bas na gaba. Fasfo, I-20, rasidin SEVIS, takardar tayin alawus da adireshin inda za ka kwana daren farko su kasance a jakar hannu, a buge a takarda, domin layin MTN ɗinka ba lallai ya tashi a can ba.